Tsakanin Makka da Madina: jirgin Haramaini, bas, shatar mota ko jirgin sama?

Mai zuwa Umara da ya shirya tafiyarsa da kansa, ko wanda ejan ya sayar wa biza da masauki amma ya bar masa zirga-zirga a wuyansa, akwai tambayar da ke jiransa tun bai ɗaure kaya ba: da me zai tashi daga Makka zuwa Madina, ko daga Madina zuwa Makka? Tazarar ta haura kilomita 400, kuma yawancinta sahara ce da baƙaƙen duwatsu. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: jirgin ƙasa mai gudu da ake kira Haramaini, bas ta haya, motar shata, sai jirgin sama ta Jidda.

Alhazan da suka zo aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai ba su cika shiga wannan lissafi ba, domin ayari ake kwasa a bas-bas ɗin da aka riga aka biya cikin kuɗin kujera. Maganar ta masu Umara ce, da masu jirgin yawo, da wanda ya ɗauko iyayensa ko iyalinsa yana so ya san inda zai sa riyal ɗinsa.

Daga ina sunan ya fito

Haramaini a Larabci yana nufin harami biyu, wato na Makka da na Madina, kuma su ne tashar farko da ta ƙarshe a layin. Harami shi ne yanki mai alfarma da aka yi wa iyaka, inda ba a farauta, ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, ba a zubar da jini. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Annabi Ibrahim ya haramta Makka, shi kuma ya haramta Madina kamar yadda Ibrahim ya haramta Makka. A wani hadisin aka faɗi iyakar haramin Madina, tsakanin dutsen Airu da dutsen Sauru. Tun daga nan garuruwan biyu suke tafiya a haɗe cikin kalma ɗaya. Ita ce a laƙabin Khadimul Haramaini, mai hidimar haramai biyu, wanda sarakunan Misira da na Santambul suka riƙe a da, Sarki Fahad kuma ya mayar da shi laƙabinsa na hukuma a 1986, magadansa suka ci gaba da amsa shi.

Ba wannan ne jirgin ƙasa na farko da ya shiga Madina ba. A 1900 Sarkin Turkawa Abdulhamid na Biyu ya sa aka fara shimfiɗa dogo daga Dimashƙa, ya iso Madina a 1908 bayan kimanin kilomita 1,300. An sa masa sunan yankin, Hijaz. Niyyar ita ce ya zarce Makka, amma bai zarce ba, kuma yaƙin duniya na farko ya lalata shi. Tasharsa ta Anbariyya tana nan a Madina har yau, ba nisa da Masallacin Annabi, an mayar da ita gidan tarihi. Sai bayan shekara 110 dogo ya haɗa Makka da Madina: an fara aiki a 2009, Sarki Salman ya ƙaddamar da shi a Jidda ranar 25 ga Satumba 2018, fasinja suka fara hawa ranar 11 ga Oktoba na shekarar.

Kada a rikita shi da jirgin Masha'ir, wanda ke kwasar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa a kwanakin Hajji kawai. Wancan kilomita 18 ne, ya fara aiki a 2010, kuma ba shi da alaƙa da tafiyar Madina.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, amma daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, ba abin da ke rubuce a tikiti kaɗai ba. Na biyu lokaci, shi ma daga ƙofa zuwa ƙofa. Na uku kaya. Na huɗu miƙati, wato wurin da ake ɗaura harami a ƙulla niyya, ga mai tafiya daga Madina zuwa Makka da niyyar Umara. Na biyar haɗari. Na shida cika alkawari: in an ce ƙarfe kaza, shin ƙarfe kazan ne?

A ganina na uku da na huɗu su ne suke yanke hukunci ga yawancin mutanenmu, ko da yake su ne ba a tunawa da su sai an isa bakin tasha.

Game da farashin da zan ambata: ƙiyasi ne na kwanakin da babu cunkoso, kuma da riyal. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, saboda haka kowa ya juya shi zuwa naira ko sefa da canjin ranar da zai tafi. A Ramadan, musamman goman ƙarshe, da kwanakin da ke kusa da Hajji, kome yana tashi.

Jirgin Haramaini

Layin ya kai kilomita 450, tagwayen dogo ne masu aiki da lantarki, da tashoshi biyar: Makka a unguwar Rusaifa, Jidda a Sulaimaniyya, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz na Jidda, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Jiragen ƙirar kamfanin Talgo ne na Sifaniya, kowanne da kujeru 417, kuma suna kai gudun kilomita 300 a awa. An ƙera su ne don su jure rairayi da zafin da kan kai maki 50. Tun 2023 akwai mata 'yan Saudiyya cikin masu tuƙa su.

Daga Makka zuwa Madina yana cin kamar awa 2 da minti 20 zuwa awa 2 da rabi da 'yan kai, gwargwadon yawan tashoshin da jirgin da ka zaɓa zai tsaya. Wannan shi ne lambar da kowa ke faɗa, kuma gaskiya ce. Amma ba a harabar Ka'aba ake hawa ba. Tashar Rusaifa tana kilomita 3 zuwa 4 daga Harami, ta Madina kuma ta fi nisa, wajen kilomita 9 ko 10 gabas da Masallacin Annabi. Ka ɗora rabin awa na fita daga masauki, wanda kan ninka idan ka fito daidai lokacin da aka rufe titunan kusa da Harami don salla. Ka ɗora minti 45 zuwa awa ɗaya na isa da wuri, saboda ana duba tikiti da kaya a na'ura, tashar kuma da faɗi, ƙofar shiga ana rufe ta 'yan mintuna kafin tashi. Ka ɗora wani rabin awa a ɗaya ɓangaren. Jimla ta haura awa 4, tana iya kai awa 4 da rabi. Har yanzu ya fi kowace hanya sauri, sai dai ratar da ke tsakaninsa da mota ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Abin da awannin nan suka fi na mota shi ne yadda ake cinye su. Kujera mai lamba ce, ba rige-rige. Da sanyi, da ban-ɗaki, da taragon da ake sayar da shayi da ɗan abin taɓawa, kuma mutum na iya tashi ya miƙe ƙafa. Mai ciwon suga ko tsoho mai yawan fitsari ba sai ya roƙi direba ya tsaya ba. Akwai gurbin keken guragu, da na'urar hawa bene a tashoshi, da masallaci a kowace tasha. Wanda ya gama ɗawafi da sa'ayi jiya ƙafafunsa suka kumbura shi ya san darajar wannan.

Kuɗi: lokacin da aka buɗe layin an yanka riyal 150 a kujerar gama-gari daga Makka zuwa Madina, 250 a ta manya. Yanzu farashin yana hawa da sauka bisa rana da sa'a, ga kuma haraji. Ka sa ran wani abu tsakanin 150 da 250 a gama-gari, ta manya kuma daga 300 zuwa sama. Yara suna samun ragi. Sai kuɗin tasi biyu, ko bas ɗin da ke jigila tsakanin tasha da Harami a kuɗi kaɗan idan kayanka ba su da yawa. Kujerar manya ta fi faɗi kuma ana kawo abinci, amma a tafiyar da ba ta kai awa uku ba ban ga dalilin ƙarin ba, sai fa idan gama-gari ta ƙare, abin da yakan faru.

Ana yankar tikiti a shafin intanet na jirgin, ko a manhajarsa ta waya, ko a tasha. Za a nemi lambar fasfo da katin banki mai aiki a ƙasar waje, don haka a gwada katin tun a gida. Zuwa tasha da fatan samun kujera a ranar caca ce, balle ga mutum biyar ko shida da suke so su zauna wuri ɗaya. A Ramadan ana ƙara yawan jirage sosai, duk da haka lokutan da kowa ke so, bayan asuba da bayan tarawihi, suna cika tun da kwanaki.

Yanzu ga inda jirgin ke kayar da mutanenmu. Ƙa'idarsa akwati ɗaya ga kowane fasinja, nauyinsa kada ya wuce kilo 25, girmansa kada ya wuce santimita 65 da 55 da 35, sai jakar hannu ɗaya. Akwatin da kamfanin jirgin sama ya karɓa daga Kano ko Yamai ba tare da magana ba yana iya zarce wannan awon, kuma da yawa daga kamfanonin da ke zuwa daga ƙasashenmu akwati biyu suke bari. To ina ga hajiyar da ta riga ta zaga kasuwa, ta haɗa jallabiyoyi da dardumai da turare da kwalayen dabino, ga jakar bakko biyu an naɗe da salatif? Wani lokaci ma'aikata suna kau da kai ga ɗan ƙari, wani lokaci ba sa yi, kuma ba a gina tafiya a kan sa'ar wanda za ka tarar a ƙofa. Ko da an bar ka ka shige, kai za ka ja kayan zuwa tarago, ka ɗaga su zuwa ma'ajiya, ka sauke su cikin 'yan mintunan da jirgi ke tsayawa.

Maganar miƙati tana buƙatar natsuwa. Mai fita daga Madina miƙatinsa Zul Hulaifa ne, wanda aka fi sani da Bi'ir Ali, a kudu maso yammacin gari. Jirgi ba ya tsayawa a can. Yana wucewa daidai da wurin ne mintuna kaɗan bayan tashi, ana kuma sanarwa a lasifika. Saboda haka dabara biyu ce. Ta farko, ka yi wanka a masauki, ka ɗaura haraminka, ka yi nafila a masallacin tasha, ka hau jirgi a shirye, da an yi sanarwa ka ƙulla niyya ka fara Labbaika. Malamai sun yarda da ɗaukar harami a daidai saitin miƙati ga wanda hanyarsa ba ta bi ta kansa ba, hujjarsu kuwa hukuncin da Sayyidina Umar ya yi wa mutanen Iraƙi. Haɗarin wannan dabara shi ne gyangyaɗi, ko hira, ko rashin jin Larabci da Turancin sanarwar. A irin wannan gudu, kafin ka waiwaya an wuce, kuma wanda ya ƙetare miƙati bai yi harama ba yanka ya hau kansa. Shi ya sa wasu suke ƙulla niyya da zarar jirgi ya motsa. Ta biyu, ka ɗauki tasi ya kai ka masallacin Bi'ir Ali, ka yi salla ka yi niyya a can, sannan ya juyo da kai tasha. Tasha tana gabas, miƙati yana yamma, don haka ka ware ƙarin awa ɗaya da ƙarin kuɗin tasi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ɗaya daga ciki ba ya tambayi malaminsa tun kafin ya yanki tikiti. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce za a canja kaya a ban-ɗakin jirgi bayan an ji sanarwa.

Daga Makka zuwa Madina kuwa babu wannan damuwa ko kaɗan, tunda ziyara ba ta da harami.

Ta fuskar haɗari, nan ne jirgin ya yi wa sauran nisa. Ba ya haɗa hanya da tirela ko tankar mai, na'ura ce ke lura da gudunsa, kuma tsaron lafiyarka bai rataya a kan ko direba ya yi barci jiya ba. Babbar matsalar da aka sani a tarihinsa gobara ce da ta ci rufin tashar Sulaimaniyya ranar 29 ga Satumba 2019, wadda ta tsayar da zirga-zirga har cikin Disamba. Annobar korona ta sake tsayar da shi daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Maris 2021. Ban da waɗannan, jirgi ne mai tashi a kan lokaci, kuma cika alkawarin nan yana da kaifi biyu: idan ka makara ba ya jira.

Bas

Shekaru da dama kamfanin bas na SAPTCO ne sunan da kowa ya sani. Tun Oktoba 2023 hukumar sufurin ƙasar ta raba hanyoyin tsakanin garuruwa ga kamfanoni uku, aka kawo sababbin motoci, ana kuma sayar da tikiti ta intanet da kujera mai lamba. Ban da su akwai bas-bas ɗin kamfanonin Umara, waɗanda ejan kan haɗa ka da su, su ɗauke ka a ƙofar otal su sauke ka a ƙofar otal.

Ita ce mafi araha ga mutum ɗaya, yawanci tsakanin riyal 70 da 120, kusan rabin kuɗin jirgi. Tana bin Hanyar Hijira, babban titi mai faɗi da kyau, tana cin awa 5 zuwa 6 tare da tsayawa salla da cin abinci. Ta ayari takan wuce haka, saboda sai an zaga masaukai an kwashi kowa, sai an jira wanda ya koma Harami yin bankwana bai dawo ba, sai an loda kaya an sake saukewa don na wani ya shige ƙasa. Wanda aka ce wa ya sauko da ƙarfe takwas kada ya yi mamaki idan azahar ta same shi a zauren otal.

Kaya kuwa bas ba ta da ƙyashi. Cikinta yana ɗaukar manyan akwatuna, ta ayari ma har da abin da ya fi haka. Kuma bas ɗin masu Umara daga Madina tana tsayawa a Bi'ir Ali, kowa ya sauka ya yi alwala ya yi raka'a biyu, jagora ya ja Labbaika a bi shi. Ga wanda wannan ce Umararsa ta farko, wannan kaɗai ya isa dalili. Idan ta haya ce ta gama-gari, a tambaya wajen yankar tikiti ko wadda za a hau tana tsayawa a miƙati, kada a ɗauka kowacce tana yi. A kuma riƙe lambar motar da kyau kafin a shiga masallacin, domin filin ajiye motocin cike yake da bas-bas masu kama ɗaya, mutanen da ke fitowa kuma duk farin yadi ne a jikinsu.

Haɗarin hanya ne babban aibinta. Titin miƙaƙƙe ne, mai sa barci, manyan motoci suna binsa dare da rana, direbobi kuma a lokacin cunkoso suna yin sawu a kan sawu. A Oktoba 2019 wata bas ta yi karo da motar aikin gini a wannan hanya ta kama wuta, mutum 35 suka rasu. A Nuwamba 2025 wata da ta ɗauko masu Umara 'yan Indiya daga Makka ta haɗu da tankar man dizal cikin dare kusa da Madina, fiye da mutum 40 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Dubban bas-bas suna wucewa lafiya, amma idan akwai zaɓi tsakanin ta safe da ta tsakar dare, a ɗauki ta safe.

Shatar mota

Ƙaramar mota mai ɗaukar mutum uku ko huɗu takan kama riyal 400 zuwa 600. Babba, irin GMC ko Hiace ko Staria, daga 700 zuwa 1,000 ko fiye, gwargwadon sabuntarta da lokacin shekara da iya cinikinka. Kuɗin mota ne ba na kai ba, kuma a nan lissafi yake juyawa. A ce ku shida ne, tikitin jirgi ya kama 190 kowanne: 1,140 ke nan, ga tasi biyu a Makka da biyu a Madina domin mota ɗaya ba za ta ɗauke ku da kayanku ba. Babbar mota a 800 ta kai ku ƙofa zuwa ƙofa da ragowar canji. Idan ku biyu ne, jirgi ya fi sauƙi ko su yi kunnen doki. Idan kai kaɗai ne, shata almubazzaranci ce.

Tafiyar awa 4 da rabi ce zuwa 5. Ka tashi lokacin da ka ga dama, ka tsaya inda ka ga dama, kayanka sau ɗaya za a ɗaga su sau ɗaya a sauke. A Bi'ir Ali direba zai jira ku har Baba ya gama alwalarsa a tsanake. Ga mai tafiya da tsohuwar da ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa, ko mai goyo da ƙananan yara uku, rashin sauyin abin hawa sau uku ya fi awa ɗayan da jirgi zai rage masa.

Akwai kuma abin da mota kaɗai ke bayarwa: Badar. Filin yaƙin da maƙabartar shahidai suna kimanin kilomita 150 kudu maso yammacin Madina, a kan tsohuwar hanyar da ke gangarawa gaɓar teku, ba a kan Hanyar Hijira ba. Bi ta can yana ƙara awa ɗaya zuwa biyu da ƙarin kuɗi, amma mai son ganin wurin zai fi samun sauƙi ya haɗa shi da wannan tafiya a kan ya ware masa yini guda daga kwanakinsa na Madina. Sai an faɗa wa direba tun wajen ciniki.

Aibinta ɗaya ne da na bas, har ma ya fi, domin ƙananan motoci sun fi gudu kuma babu mai sa ido a kan direban sai kai. Masu tare mutane a bakin otal suna kiran “Madina, Madina” da yawansu motocin gida ne marasa lasisin haya. Hukuma tana kama su tana cin su tara, kuma idan aka tsayar da motar a shingen bincike ku ne za ku tsaya a rana da kayanku. Idan wani abu ya faru ma inshorar motar gida ba lallai ta san da fasinjan haya ba. Gara a nemi mota ta hannun otal, ko kamfani mai rajista, ko manhajar kiran tasi. A Makka ba a rasa direba mai jin Hausa, jikokin waɗanda suka zo da ƙafa ta Sudan suka zauna, kuma jin harshe yana sauƙaƙa ciniki ƙwarai. Amma jin Hausa ba lasisi ba ne. A yanke kuɗi gaba ɗaya kafin a loda kaya, a fayyace cewa na motar ne duka, har ƙofar masauki kaza, da tsayawa a miƙati, kuma ba za a ƙara wani fasinja a hanya ba. A biya rabi ko ƙasa da haka a farko. Wanda zai zauna gaba kada ya yi barci.

Jirgin sama

Makka ba ta da filin jirgi. Sai ka yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa na Jidda, ka isa awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi, ka yi awa ɗaya a sama, ka jira kaya, ka nemi mota daga filin Madina zuwa gari. Awa 5 ta tafi, kuɗi ya fi na kowa, wahala ta fi ta jirgin ƙasa. Amfaninsa ɗaya: idan tun daga gida tikitinka ya haɗa da sauka Jidda a zarce da kai Madina, ba ka ma fita daga filin ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Jirgin Haramaini | Bas | Shatar mota | Jirgin sama |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi da riyal | 150 zuwa 250 kowane mutum, da tasi biyu | 70 zuwa 120 kowane mutum | 400 zuwa 1,000 motar duka | Ya fi tsada, da motar Jidda |
| Ƙofa zuwa ƙofa | Awa 4 zuwa 4 da rabi | Awa 6 ko fiye | Awa 4 da rabi zuwa 5 | Kamar awa 5 |
| Kaya | Akwati 1 na kilo 25 da jakar hannu | Da yalwa | Iya cikin motar | Ƙa'idar kamfani |
| Miƙati daga Madina | Ba ya tsayawa | Ta masu Umara tana tsayawa | Yana tsayawa ya jira | Sai an shirya kafin hawa |
| Haɗari | Kaɗan ƙwarai | Na hanya, ya fi da dare | Na hanya da na direba | Kaɗan, sai motar Jidda |
| Cika lokaci | Sosai | Ta haya da dama, ta ayari a yi haƙuri | Ya danganta da direba | Yakan yi jinkiri |

Wa ya dace da wanne

Mutum ɗaya ko miji da mata masu akwati ɗaya-ɗaya: jirgin Haramaini, ba sai an tsaya shawara ba, a kowace fuska aka nufa. A yanki tikiti da zarar an san ranar barin masauki, a zaɓi lokacin da ba zai sa a fito daga otal daidai kiran salla ba.

Wanda ya sauka a Jidda yana so ya fara da Madina: jirgin ƙasa daga filin jirgin, ƙasa da awa 2 ya kai shi. Sai dai tashar tana jikin sabon ginin da ake kira tasha ta 1. Wanda jirginsa ya sauke shi a tashar alhazai ko ta arewa sai ya nemi motar da za ta kai shi can, don haka ya duba tikitinsa ya ga inda za a sauke shi. Ya kuma bar tazarar awa 3 ko fiye tsakanin sauka da tashin jirgin ƙasa, saboda layin shige-da-fice da jiran kaya ba su da tabbas.

Iyali daga mutum biyar zuwa sama, ko masu tsoho mai rauni, ko masu kaya da yawa: babbar mota daga kamfani mai rajista, da rana.

Mai ƙaramin guzuri da ba ya gaggawa, da mai Umarar farko da yake so a yi masa jagora a miƙati: bas, ta safe.

Wanda zai bi hanyar sau biyu, misali ya sauka Jidda ya yi Umara ya tafi Madina sannan ya dawo Jidda ya hau jirgin gida, ba dole ya yi amfani da abu ɗaya ba. Ya hau jirgin ƙasa a zuwa, lokacin da akwatinsa bai cika ba kuma babu batun miƙati. Ya bar sayayyar dabino da sauran tsaraba sai Madina, ya dawo da bas ko shata tare da kayansa. Ruwan Zamzam na guzuri kuwa kada ya ɗora wa kansa ɗaukarsa tsakanin garuruwan, tunda ana sayar da galan mai lita 5 da aka naɗe don jirgi a filin Jidda da na Madina.

Mai tafiya a goman ƙarshe na Ramadan ya yanki tikitin jirgin ƙasa makonni kafin ya bar gida. Idan bai samu ba ya kama mota ta hannun otal tun kwana biyu kafin ranar, ya tashi bayan asuba, domin ya shiga gari kafin a fara rufe tituna don buɗe-baki.